An Gama Aikin Likita, Saura Aikin Jama'a

Mun san akwai waɗanda suka rufe rumfa tun kasuwa ba ta watse ba domin su zo nan, saboda haka ba za mu ɓata muku lokaci ba. Maganar da muka kawo yau ta jariri ce, watau jaririn da likita ya yi wa babban aiki da wuƙa, da yadda ya ke warkewa, da abin da ya wajaba maƙwabta da abokan sana'a su yi wa iyayensa har ya tashi. Wani zai ce, me ya haɗa ɗan koli ko mahauci da wannan magana? Abin da ya haɗa su shi ne, ba gidan da ba a haihuwa, kuma ba wanda ya san abin da matarsa ta ke ɗauke da shi sai ranar da ya fito. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

TAGWAYEN KEFFI

Za mu fara da abin da ya auku a ƙasarmu, wanda jaridu suka buga, kowa ya ji. A cikin 2018 wata mace ta haifi tagwaye mata a asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Keffi, cikin Jihar Nasarawa. Yaran sun zo manne da juna tun daga ƙirji har ciki. Kowace tana da zuciyarta, amma zukatan biyu suna cikin jaka guda, hantarsu kuma a haɗe ta ke. Iyayen talakawa ne irinmu, ba su da ƙarfin ko kuɗin gado, balle kuɗin aiki.

Aka ɗauki yaran zuwa Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Likitoci ba su yi garajen yanka ba. Suka riƙe su kamar wata 15, ana ciyar da su, ana auna nauyinsu, ana ɗaukar hoton cikinsu, har aka ga sun yi ƙwarin da za su jure. A watan Nuwamba na 2019 ma'aikata 78 suka taru a kan aikin, shugabansu kuwa shi ne Farfesa Emmanuel Ameh, wanda ya daɗe yana yi wa yara aiki a asibitin koyarwa na Zariya. Suka yi wajen awa 13 a ɗakin tiyata, suka raba yaran, duka biyu da rai. A watan Janairu na 2020 aka sallame su. An ƙiyasta kuɗin aikin ya kai naira miliyan 20 na wancan lokaci, asibitin kuwa ya yafe wa iyayen.

To, jama'a, ku yi lissafi tare da mu. Aikin wuƙa awa 13 ne. Zaman jinya kuwa, tun daga haihuwa har sallama, ya kusa shekara ɗaya da rabi. Jaridu sun buga hoton likitoci, kuma sun cancanci yabo. Amma ku tambayi kanku, idan uwa ta zauna gefen gado shekara da rabi, wa ke dafa wa sauran 'ya'yanta tuwo? Wa ke biyan hayar ɗaki? Asibiti yana iya yafe kuɗin aiki, amma ba asibitin da zai biya wa mutum kuɗin mota, ko ya buɗe masa rumfarsa da safe. Wannan kason namu ne.

BA YAU AKA FARA BA

Kada wani ya ce muku irin wannan aiki sabon abu ne a ƙasarmu. Tun cikin 1936 wani likita ya raba tagwaye manne a Sakkwato, aka rubuta labarin cikin mujallar likitocin Ingila. A 1953 kuma aka haifi wasu tagwaye mata manne a Kano, aka ɗauke su a jirgin sama zuwa Landan, inda Farfesa Ian Aird ya raba su a asibitin Hammersmith cikin watan Disamba na shekarar. Ɗaya ta rasu jim kaɗan bayan aikin, ɗaya ta rayu aka dawo da ita gida. A zamanin nan namu, Farfesa Auwal Abubakar da mutanensa sun raba irin waɗannan tagwaye a Yola fiye da sau ɗaya. A 2024 ma an raba wasu tagwayen Kano a birnin Riyad na ƙasar Saudiyya.

Mun kawo wannan tarihi ne domin mu kashe wata magana da ta daɗe tana kashe mana 'ya'ya, watau cewa jariri ba ya jure wuƙa. Yana jurewa ƙwarai, in an kai shi da wuri, in kuma an kula da shi bayan aiki. Naman jariri ma ya fi na tsoho saurin haɗewa.

LAHANIN DA YA FI YAWA

Tagwaye manne ba a cika samunsu ba, sai a yi haihuwa 50,000 ko fiye ba a ga ko ɗaya ba. Abin da ya fi kai jariranmu ɗakin tiyata wasu abubuwa ne da ba a buga su a jarida. Bari mu faɗa muku kaɗan daga ciki, ku riƙe, ku gaya wa matanku da ungozomar unguwarku.

Na farko, jaririn da aka haifa ba shi da ƙofar dubura, ko kuwa ƙofar ta ɓulla inda bai kamata ba. Ana samun wannan kamar sau ɗaya cikin haihuwa 5,000. Don haka duk wadda ta karɓi haihuwa ta juya yaro ta duba da idonta tun ranar farko. Jariri lafiyayye yana fitar da baƙin kashin nan na farko cikin kwana ɗaya, in ya yi jinkiri kwana biyu. Idan kwana biyu suka wuce bai yi ba, cikinsa kuma yana kumbura, a tafi asibiti, kada a tsaya jiran suna.

Na biyu, toshewar hanji. Babbar alamarta koren amai, launin ɗanyen ganye. Jaririn da ya yi koren amai ba ya kwana a gida. Akwai kuma wata da ke kama yaro bayan ya yi 'yan watanni, inda hanji ke shigewa cikin hanji. Yaron zai riƙa tsala kuka yana naɗe ƙafafu, ya yi shiru, ya sake, daga baya ya yi kashi mai jini da majina. Da yawa sukan ɗauka atini ne, su yi ta ba da magani a gida har hanjin ya ruɓe.

Na uku, jaririn da ya fito hanjinsa a waje, kusa da cibiya. Abin da za a yi nan take shi ne a wanke hannu da sabulu, a rufe hanjin da leda mai tsabta, a lulluɓe yaron kada sanyi ya kama shi, kada a ba shi komai ta baki, a nufi babban asibiti. Kada a tura hanjin ciki da hannu, kada a barbaɗa masa komai.

Akwai kuma taruwar ruwa a kai, da ƙullutu a gadon baya, da tsagewar leɓe ko ganda. Duk waɗannan akwai likitocin da aikinsu ke nan a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato, da Maiduguri, da Jos. Tsagewar leɓe kuwa, akwai wata ƙungiya mai suna Smile Train da ke biyan kuɗin ɗinkinta a asibitocin da ta haɗa kai da su, iyaye ba sa biyan ko kwabo na aikin.

ME YA SA NAMU SU KE MUTUWA?

A 2021 mujallar likitoci mai suna Lancet ta buga wani bincike da aka yi a asibitoci 264 cikin ƙasashe 74, a kan yara 3,849 da aka haifa da lahani a hanji ko abin da ke kusa da shi. Ga abin da aka samu. A ƙasashe masu arziki, kamar 6 cikin 100 ne suka mutu. A ƙasashe masu matsakaicin hali, kamar 20 cikin 100. A ƙasashe mafiya talauci, kamar 40 cikin 100. Waɗanda suka fito da hanji a waje kuwa, a ƙasashen masu arziki bai kai 2 cikin 100 suka mutu ba, a mafiya talauci 90 cikin 100 suka mutu.

Ciwo ɗaya, jariri ɗaya, amma wannan ya rayu wancan ya mutu. Masu binciken sun nuna cewa cikin abubuwan da ke kawo bambanci akwai isowa asibiti bayan ƙwayoyin cuta sun riga sun shiga jini, da rashin na'urar taimakon numfashi, da rashin abincin da a ke ba jariri ta jijiya sa'ad da hanjinsa bai fara aiki ba. Na'ura da abincin jijiya alhakin hukuma ne, za mu zo kansa. Amma isowa da wuri a hannunmu ya ke. Sau da yawa kuwa abin da ke tsai da uba kwana uku a gida ba jahilci ba ne, aljihu ne. Ya san inda asibiti ya ke, abin da zai miƙa a taga ne ba shi da shi.

BAYAN AN ƊINKE

Yanzu bari mu ce an yi aiki lafiya, an turo yaro daga ɗakin tiyata. Kwanakin farko su ne mafiya haɗari. Za ku ga robobi a jikinsa, ɗaya a hanci mai zuƙo ruwan ciki, ɗaya a hannu ko ƙafa ta ƙarin ruwa da magani. Kada wata kaka ta ce an azabtar da yaro ta cire. Kada kuma a saci jiki a ɗura masa ruwa ko jiƙo alhali likita ya ce kada a ba shi komai, gama hanjin da aka ɗinke yana bukatar hutu, ɗinkin kuwa yana iya warwarewa.

Jariri yana jin zafi kamar kowa. Har cikin shekarun 1980 likitoci da yawa a Turai da Amurka suna zaton ba ya ji sosai, sai binciken da aka buga a 1987 ya nuna cewa jaririn da aka kashe wa zafi sosai lokacin aiki ya fi samun sauƙi bayansa. Saboda haka idan uwa ta ga yaronta yana ta kuka ba ya barci, tana da ikon ta kira nas ta ce a duba maganin zafinsa. Ba rashin kunya ba ne.

Nonon uwa shi ne babban magani. Ko yaro bai fara tsotso ba, uwa ta riƙa tatsa da hannu mai tsabta kamar bayan kowace awa 3, dare da rana, domin kada nonon ya ƙafe kafin a ba shi izinin sha. Dakashi, watau nonon farko mai kauri da a ke cewa a zubar, kada a zubar, gama shi ke ɗauke da abin da ke kare hanjin jariri daga cuta. In ya fara sha, nono zalla har wata 6, sai fa in likita ya faɗi wani abu dabam. Matar da ba ta ci ta ƙoshi ba, ga fargaba ga rashin barci, tatsar nan za ta yi mata wuya. Kun ga inda kwanon maƙwabciya ya shigo cikin maganin yaro.

Ranar sallama ba ranar gama jinya ba ce. A gida, mikin yana son tsabta da bushewa. Kada a shafa masa toka, ko kwalli, ko man da ba likita ne ya ba da ba, kada kuma a gasa shi da tsumma mai zafi. A nisanta yaro da hayaƙin murhu da na turaren wuta, a kwantar da shi cikin gidan sauro, a ci gaba da allurar rigakafi yadda likita ya tsara. Ga alamun da in an ga ɗaya a koma asibiti a ranar: zazzaɓi ko jiki ya yi sanyi ƙalau, ƙin kama nono, koren amai, kumburin ciki, numfashi sama-sama, miki ya yi ja ko yana fid da mugunya ko ya buɗe, ko yaro ya yi laushi ba ya farkawa sosai.

Wani abu kuma da ya kamata kowa ya sani. Aiki da yawa ba sau ɗaya a ke yinsa ba. Yaron da ba shi da dubura, sau da yawa aiki uku a ke yi masa. Na farko a fito da bakin hanji ta gefen ciki domin kashi ya sami hanya. Bayan watanni a buɗe masa dubura, a koya wa uwa yadda za ta riƙa buɗa ƙofar da wani ɗan ƙarfe ko roba kullum kada ta tsuke. Sa'an nan a yi na uku a mayar da hanjin ciki. Tsakanin na farko da na uku uwa tana fama da wankin tsumma ba dare ba rana, tana shafa basilin ko man da aka ba ta kewaye da wurin kada fata ta saɓule. A nan ne iyaye da yawa su ke gajiya. Kuɗi ya ƙare a aikin farko, 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa, sai a bar yaro ya girma da hanji a gefen ciki, ba makaranta, ba wasa da 'yan'uwansa, alhali abin da ya rage aikin da za a iya gamawa ne.

KASON JAMA'A

To, me za mu yi? Muna kawo shawara biyar, ku duba, ku gyara inda ya kamata.

Ta farko, jini. Jinin da ke jikin jariri mai nauyin kilo 3 duka-duka kamar rubu'in lita ne, bai cika kwalbar lemo ɗaya ba. Abin da babba zai zubar bai ji komai ba, shi zai kashe jariri. Babba lafiyayye kuwa ana ɗibar masa abin da bai kai rabin lita ba, ya sha ruwa ya huta ya koma rumfarsa, kuma leda ɗaya tana iya isar jarirai fiye da ɗaya. Namiji yana iya bayarwa bayan kowane wata 3, mace bayan wata 4. Muna so kowane layi a kasuwa ya rubuta sunayen samari masu lafiya da suka yarda, a auna irin jinin kowa tun yanzu, a ajiye takardar wurin wanda ba ya kashe waya da dare. Ran da aka nema, kada uba ya tsaya ciniki da 'yan sayar da jini a bakin ƙofar asibiti.

Ta biyu, asusu. Mun san adashi, mun san gudummawar biki, ba wanda zai koya mana tara kuɗi. Abin da mu ke yi dai shi ne sai wuta ta kama mu fara haƙa rijiya. Ku duba wannan lissafi. Mutum 500, kowa naira 200 a mako, naira 100,000 ke nan kowane mako. A shekara, mako 52, ya zama naira 5,200,000. Da yayyafi kogi kan cika. Amma mun sha ganin asusu ya raba zumunci, don haka a kafa sharaɗi tun farko. Kuɗi a banki, ba a ɗakin kowa ba. Mutum uku su sa hannu kafin a fitar, ɗaya daga cikinsu mace. A biya asibiti ko kantin magani kai tsaye, a karɓi rasit. Kowane ƙarshen wata magatakarda ya karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a gaban kowa. Kafin a biya, mutum biyu su je su ga yaron a kan gado da idonsu, gama akwai macuta da ke yawo da hoton ɗan wani a tasha da cikin waya suna karɓar sadaka. Kada kuma a kwashe asusu duka a aikin farko, a ware kason aiki na biyu da na uku da kuɗin motar komawa ganin likita. Sa'an nan, ba a tambayar uban yaro katin jam'iyya, ko garin da ya fito, ko inda ya ke ibada. Ɗa na kowa ne.

Ta uku, rumfa da gona. Ɗan tebur da ya rufe wata guda, in ya dawo sai ya tarar masu sayensa sun koma wurin wani, jarin kuma an cinye a jinya. Maƙwabcin rumfa ya buɗe masa, ya sayar, ya rubuta, ya kai masa cinikin da yamma. Mai ba shi kaya bashi ya ɗaga masa ƙafa, shugabannin layi su shiga tsakani. In manomi ne kuma damina ta kama, a yi masa gayya kamar yadda kakanninmu su ke yi.

Ta huɗu, mai jego da gidanta. Iyayenmu mata, wannan naku ne, kun kuwa fi mu sanin hanyarsa. A raba kwana, yau gidan wance ke kai abinci asibiti, gobe gidan wance. Wata ta karɓi zaman gado awa biyu domin uwar ta yi wanka ta runtsa. Wata ta ɗauki sauran yaran ta haɗa da nata, ta tabbata sun je makaranta. In an dawo gida, sabulu da tsummoki masu tsabta da itace ko gawayin dafa ruwa sun fi kayan kwalliya amfani. Zumunta a ƙafa ta ke, amma dubiyar jaririn da aka yi wa aiki tana da ladabi. A wanke hannu kafin a taɓa shi, mai mura ko tari ya tsaya daga ƙofa, kada a cika ɗaki, kada kowa ya ce a buɗe masa miki ya gani. Kada kuma ziyara ta ƙare a makon farko. Wata na uku da na shida su ne lokacin da gida ke yin shiru, bashi ke tasowa.

Ta biyar, harshe. Wannan ba ya cin ko sisi, amma shi ya fi wuya. Idan yaro ya zo da lahani, sai a fara raɗa, wai uwar ta yi kaza, wai danginsu haka su ke, wai ta gamu da wani abu da dare. Har aure kan mutu a kan wannan, a bar mace ita kaɗai da mara lafiya. Ku sani gaɓoɓin jariri suna haɗuwa ne cikin makonnin farko na ciki, sau da yawa tun mace ba ta san tana da shi ba, kuma yawancin irin wannan lahani ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba ne. Abin da aka tabbatar yana rage wani sashe, musamman lahanin gadon baya, shi ne ƙwayar folik asid, in mace ta fara sha tun kafin ta ɗauki ciki har watannin farko. Ƙwaya ce mai araha, ana ba da ita wurin awon ciki. Wanda ya kai matar ɗan'uwansa awo ya fi wanda ya zauna yana ƙirga mata laifi.

HAƘƘINMU A WURIN HUKUMA

Wani zai ce, in mun ɗauki wannan nauyi duka, ashe mun sauke wa Gwamnati nata ke nan. A'a. Asusun kasuwa yana iya sayen magani da leda da kuɗin mota, amma ba zai sayi na'urar numfashi ba, ba zai horar da likitan yara ba. A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da a ke kashewa wajen neman lafiya daga aljihun mutane ya ke fitowa kai tsaye. A 2001 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, kasafin Gwamnatin Tarayya kuwa bai taɓa kai wannan ba.

Amma akwai dokoki da aka riga aka sa wa hannu, ya kamata talaka ya san su. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce ba ma'aikacin lafiya ko asibitin da zai ƙi ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Ita ce kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda a ke zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Tarayya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun marasa ƙarfi, cikinsu har da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki. Jihohi ma suna da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya. A manyan asibitoci kuma akwai ofishin kula da marasa galihu, wanda ke duba halin iyali ya nemi a rage musu ko a yafe. Doka a takarda ba ta tafiya da ƙafarta, sai an bi ta. Don haka cikin masu riƙe asusu a sa mutum ɗaya mai karatu, wanda aikinsa shi ne ya raka uban yaro ofis-ofis, ya cika takardu, ya yi magana da ladabi ba tare da tsoro ba. Wakilan da muka zaɓa kuma, in sun zo neman ƙuri'a, a tambaye su gado nawa na jarirai ke akwai a babban asibitin jiharmu, na'ura nawa ke aiki, likitocin tiyatar yara nawa suka rage ba su bar ƙasar ba.

Jama'a, iyakar abin da muka zo da shi ke nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin mu tashi, muna roƙon kowane layi ya fitar da mutum biyu, namiji da mace, su ba magatakarda sunansu. Samarin da suka yarda a auna jininsu su tsaya ta hannun dama a rubuta su. Mako mai zuwa za mu karanta sharuɗɗan asusu a gaban kowa, wanda ke da gyara ya zo da shi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana 'ya'yanmu.